Tseren Kalilu a Ƙofar Gidan Malam Hodi

A duk faɗin Birnin Kebbi babu wanda ya kai Kalilu gudu da keke, in dai Kalilun ka tambaya. Shi ya raɗa wa kansa suna Guguwa, shi ya kai riga aka buga masa sunan a baya da manyan baƙaƙe, kuma shi yake yi wa kansa kirari idan masu yi sun makara. Abu ɗaya ne kawai ya rage a cikin wannan ɗaukaka, wato ba a taɓa ganinsa bisa titi ba. Kekensa a ɗaki yake kwana, a ɗaki yake wuni.

Ga yadda abin yake. Tun da ya gama karatu ya dawo gida ya gano wata manhaja a waya. Za ka ɗaure tayar baya a jikin wani ƙarfe mai ƙafafu da ake kira tirena, tayar ta riƙa gurzar wani ɗan gungumen ƙarfe tana juyawa wuri ɗaya. Sai ka maƙala wata 'yar na'ura mai kamar ƙwallon goruba a cibiyar tayar, tana ƙirga juyinta tana gaya wa waya. A fuskar wayar kuma sai ga ɗan mutum-mutuminka bisa keke, yana tsere da mutanen duniya a cikin duwatsun Turai, alhali kai kana nan tsakanin gado da kwandon wanki kana zufa.

A cikin mutanen duniyar nan akwai wata mata mai suna Hilda, 'yar ƙasar Holan, shekararta saba'in da biyu. Duk Juma'a bayan la'asar ake babban tsere, kuma duk Juma'a sai ta wuce Kalilu, har ta ɗaga masa hannu. Mahaifiyarsa, Inna Nana, tun tana leƙowa daga bakin ƙofa har ta gane ta, ta sa mata suna Goggo Hilda.

"Goggo ta sake wuce ka?"

"Inna, ba maganar ƙafa ba ce, maganar kayan aiki ce. Tirenarta ta zamani ce, tawa kuwa tsohon yayi. Ki ba ni irin tata ki ga aiki."

"To, Allah shi ba ta lahiya," in ji Inna, ta koma bakin murhu.

Da abin ya tsaya a ɗaki da babu komai. Amma Kalilu yana neman Jannatu, 'yar Ambursa, kuma wata rana a wajen zance baki ya kwashe shi ya ce mata tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu yakan cinye ta kafin shayi ya huce. Jannatu ta yi dariya ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa uwarsu, uwar ta gaya wa mijinta, Malam Hodi. Shi kuwa Malam Hodi, kafin ya zauna ya rungumi noman fadama, shekara talatin ya yi yana ɗaukar buhun shinkafa bisa keke a wannan hanyar. Ya san kowane gangare nata da kowane rami. Ya aika aka kira masa Kalilu.

"An ce kana kai Argungu kahin shayi shi huce."

Kalilu na durƙushe, kansa a ƙasa, amma bakin bai durƙusa ba. "Baba, wani lokacin ma nakan dawo in iske shi da sauran zafi."

"Ikon Allah! Ni da nika hita da asuba, sai hantsi ya ɗaga nika ganin garin."

"Ai zamani ne, Baba. Yanzu ba a bin titi. Daga ɗaki muke yi, da Turawa muke karawa."

Malam Hodi ya shafa gemu. "To, Juma'a mai zuwa ka kawo min ɗakin nan ƙohwar gidana. In na ga gudun nan da idona, ka turo magabatanka a yi magana. In ko ƙarya ta, kak ka sake zama min bisa dakali."

"Baba, a tanadi wurin zaman jama'a kawai," in ji Kalilu.

Sai da ya hau mota ya tuna da Goggo Hilda. Kwana shida ke gare shi, kuma ko a mafarki bai taɓa ganin gabanta ba, kullum bayanta yake gani. Ya yanke shawara nan take cewa tirena ce za a ɗaukaka.

Washegari ya sabo ta a kafaɗa sai rumfar Abbas mai walda, inda manoman fadama ke kawo injinansu gyara. Ya zana masa hoto a ƙasa da tsinke, ya yi masa bayanin kimiyya na kusan awa guda. Abbas bai gane komai ba sai cewa gungumen ya yi ƙanƙanta, don haka ya cire shi ya ɗaura wani ƙato da ya ciro daga tsohon injin casar shinkafa.

Kalilu ya kai gida ya hau. Taka ɗaya, biyu, sai gidan ya ɗauki ƙugi, kwanukan Inna suka fara rawa a inda ta jera su. Bai yi minti goma ba ya ji sallama. Ya leƙo, sai ga mata bakwai a jere a tsakar gida, kowacce da roba, wata wake, wata tattasai, wata jiƙaƙƙen gero.

"An ce kun buɗe markaɗe."

"Wane markaɗe? Atisaye nake yi! Ina tsakiyar dutsen ƙasar Faransa!"

"To in ka sauko ka hwara da waken ga, ƙosai za ni yi," in ji ta gaba, ta ajiye robarta a bakin ƙofarsa.

Ga ƙara, ga nauyi. Sabon gungumen ya sha ƙarfinsa har ɗan mutum-mutuminsa ya koma tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ranar Talata ya gano maganin abin: maiƙo. Ya faki idon Inna ya ɗauko kwalbar man gyaɗarta ya tuttule wa gungumen rabi. Ya hau, ya taka, taya ta zame ta kama juyawa kamar fanka. A waya ya wuce mutum ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce uku! A ɗaki kuwa tayar na fesa mai, ta ja layi tun daga ƙugunsa har ƙeya, ta haura bango, ta bi silin. Yana cikin ihun "Guguwa!" ƙafarsa ta suɓuce daga feda, ya tafi gefe guda, ya sauka cikin kwandon wanki da kai.

Inna ta shigo da muciya a hannu. "Man da nika tattali tun sallah? Ɗan nema, keke ka soya min?"

Kalilu bai ji ta ba. Daga inda yake kwance yana kallon abin mamaki. Ba kowa bisa keken, amma tayar ba ta daina juyawa ba, kuma a fuskar waya ɗan mutum-mutuminsa na ta sharara gudu abinsa. Ashe waya ba ta san wanda ke juya taya ba. Ita dai a juya.

"Inna," ya ce a hankali, mai na ɗiga daga kunnensa, "kin haifi injiniya."

Muciya ce ta ba shi amsa.

Ranar Laraba ya koma wurin Abbas tare da amininsa Tamba, direban a-kori-kura, mutumin da bai taɓa cewa a'a ga wata shawara ba tun suna firamare. Kalilu ya zagaya injinan ban ruwan da aka kawo gyara yana ƙwanƙwasa su kamar mai zaɓen kankana, ya tsaya a kan wani tsoho mai jan fenti.

"Wannan fa?"

"Wanga ya hi su duka ƙarhi," in ji Abbas, "amma na wani dattijo na, kuma makashinshi ya lalace, ban kai ga gyarawa ba."

"Wa ke maganar kashewa? Ni tashi nake nema. Aron kwana biyu, Oga Abbas."

Aka goge gungume da toka. Abbas ya cire kan famfon, ya haɗa injin da gungumen da dogon bel, yadda in inji ya tashi zai juya gungume, gungume ya juya taya. Dabarar Kalilu ita ce taya ta yi ta gudunta, shi kuma ya riƙa taka feda a hankali cikin ƙasaita, yana ɗaga wa jama'a hannu. Suna ɗora kaya a mota Abbas ya ce, "Af, na ga haƙoran bayan keken nan suna da wasa, na ɗan taɓa su da walda na kame su da taya."

"Madalla da aikin ƙwararru," in ji Kalilu, bai ma juyo ba.

Tamba ya ce, "Ba mu gwada shi ko sau ɗaya?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Ranar Juma'a, kafin a sauko daga la'asar, ƙofar gidan Malam Hodi ta cika. Manoma sun baro fadama da laka a ƙafa, masu babur sun jingine baburansu, mai fura ta kafa ƙwaryarta a gindin darbejiya, mata sun cika zaure suna leƙe, Jannatu a gabansu. Kalilu ya kafa tirena a tsakiyar fili, ya ɗora talabijin bisa tebur ya haɗa ta da waya don kowa ya gani. A bayansa ya sa aka kafa zana, ya ce janareta ce a ciki, kada hayaƙi ya dami dattawa. Janaretar na ciki kuwa da gaske, tana ta ƙararta. Kusa da ita ga jan inji an cika masa tanki fal, ga Tamba a tsugune da igiya a hannu. Bel ɗin ya bi ta ƙarƙashin zana, an lulluɓe shi da buhu.

Kalilu ya fito cikin matsattsen wando da rigar Guguwa. Wani tsoho ya yi salati ya kau da kai. Ya hau keke, ya sa aka ɗaure masa ƙafafu a jikin feda da robar tsohon tub na taya, tam-tam.

"Wanga ɗaurin fa?" in ji Malam Hodi daga kan bencinsa.

"Haka manyan 'yan tsere ke yi, Baba. Su takalminsu ma maƙalewa yake. Ƙarfin da zan saki, in ba a ɗaure ni ba, sai in tashi sama."

Aka fara tsere. Jama'a suka matso suna kallon duwatsu da korayen itatuwa. Kalilu ya taka iya ƙarfinsa, ƙaton gungume na ƙugi, ɗan mutum-mutuminsa na rarrafe. Ba a yi nisa ba sai ga wata mai farar hula ta zo ta gefensa sumul, ta ɗaga hannu, ta wuce.

"Wacece wagga?" in ji wani manomi.

"Wata tsohuwa ce, jika tara gare ta," in ji Jannatu daga zaure, don Kalilu ya taɓa gaya mata cikin ɓacin rai.

Zaure ya kaure da guɗa. "Tsohuwa, ba shi kashi! Allah shi ƙara miki ƙarhin guiwa!"

Kalilu ya share zufa, ya yi murmushin wanda ya san abin da ya taka. Ya ɗaga yatsa sama ya kwarara kirarin da suka shirya da Tamba. "Guguwa ta taso, mai shanya ya kwashe!"

Tamba ya fizgi igiya.

Jan inji ya yi tari sau biyu, ya yi atishawa, sannan ya buɗe murya. Bel ya miƙe, buhu ya yi sama, taya ta ɗauka. A nan ne Kalilu ya fahimci abin da Abbas ya taɓa da walda. Haƙoran da ke barin taya ta yi gudunta feda na hutawa, su ne aka kame. Yanzu duk inda taya ta je sarƙa na biye, duk inda sarƙa ta je feda na biye, kuma ƙafafun Kalilu na ɗaure a jikin feda.

Guiwoyinsa suka ɓace. Abin da ake gani kawai wani hazo ne tsakanin sirdi da ƙasa. A talabijin ɗan mutum-mutuminsa ya wuce Goggo Hilda kamar an harba shi daga gwafa, ya wuce Turawa goma, ya wuce ashirin, ya haye dutse bai san da shi ba. Lambar gudu ta haura sittin, ta haura tamanin, ta taɓa ɗari.

Fili ya rikice. "Guguwa! Guguwa!" Masu babur na danna oda, wani ya cire hula ya jefa sama, tsohon da ya kau da kai ɗazu ya miƙe yana cewa, "Aradu yaron ga aljani gare shi!"

"Ta-ta-tamba!" in ji Kalilu, haƙoransa na kaɗawa. "Ya i-i-isa!"

"Kirari shika yi!" in ji mai fura. "Ƙara wuta, ɗan albarka!"

A bayan zana Tamba na danna makashi, yana murɗawa, yana dukansa da takalmi. Ya leƙo da kai ta saman zana, ido waje. "Ba shi mutuwa!"

Kalilu ya damƙe birki. Robar birkin ta yi hayaƙi, ta fizge, ta yi sama, ta faɗa tsulum cikin ƙwaryar fura. Mai fura ta daina yabo ta koma zagi.

Duk wannan hargitsi Malam Hodi bai kalli talabijin ba. Tun tarin farko ya karkata kai gefe, ya kafa kunne. Manomin fadama yakan gane muryar injinsa a cikin injina hamsin, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a gidan suna. Ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Wanga tari na san shi."

Ya miƙe, ya taka a hankali, ya kama zana ya yaye. Ga janareta, ga Tamba da takalmi ɗaya a hannu, ga jan inji na rawa a ƙasa, ga bel ya miƙe ɗoɗar har gindin keke.

"Injina na," in ji Malam Hodi. "Shekara goma sha biyu muna tare. Ni da nik kai shi Birni gyara, albasata na can tana ƙishi, ashe shi yana nan yana tseren Turai."

Tamba ya ce, "Baba, ina wuni," ya haura katangar maƙwabta.

Dariyar da ta tashi sai da ta kori tsuntsayen darbejiya. Wasu samari suka nufi bel za su ture shi, Malam Hodi ya daka musu tsawa. "Kowa shi bar min injina! Ni ɗai na san lagonshi." Ya jawo bencinsa har gaban keke, ya zauna, ya gyara babbar riga.

Jannatu ta fito bakin zaure tana riƙe da ciki don dariya, ta karanta rubutun da ya fito a talabijin. "Baba, masu tseren sun ce wannan gudun ba na ɗan Adam ba ne. Sun fitar da shi. Sun ce in babur gare shi ya nemi wani wurin."

"Ba-ba-baba! Don A-a-allah!"

"Sannu, ɗana. Mun kai Argungu, ko da saura?"

"Mun wu-wu-wuce!"

"To bari mu yi hira kahin mu kai Sakkwato. Ka taɓa zuwa Argungu bisa keke?"

"A'a!"

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ban ta-ta-taɓa ba!"

"Nan Ambursa fa?"

"A mo-mota nake zuwa!"

"Ita baiwar Allah mai jika tara, sau nawa kat tsere mata?"

"Ko sau ɗa-ɗaya! Har ranar da ta ce mu-mura take yi!"

Mata suka zube a zaure. Mai fura ta manta da furarta, tana dukan cinya tana hawaye.

"Sunan ga Guguwa, wa ya ba ka shi?"

"Ni na ba ka-kaina! Baba, wandona ya fara za-zafi!"

Malam Hodi ya ga alamar hayaƙi na fita daga wajen sirdi, ya ce to, hira ta yi daɗi. Ya tashi ya je wurin injinsa, ya cire hularsa ya toshe masa inda yake shaƙar iska, ya ɗan taɓa shi da diddige a haƙarƙari. Jan inji ya yi tari, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru.

Sai da mutum uku suka haɗu kafin aka kwance robar. Aka sauko da Kalilu aka shimfiɗa shi bisa tabarma, amma ƙafafun ba su samu labarin an tsaya ba, suna ta tuƙa iska. Wani ya danne ta dama, ta hagu ta ci gaba. Jannatu ta aiko da ruwa a kofi, mai miƙawa na ta ƙyalƙyala dariya, rabi ya zube masa a wuya.

Da numfashinsa ya dawo, ya ɗaga kai ya dubi jama'a, ya dubi Malam Hodi da ke karkaɗe hularsa. Da wani ne, da ya ja bakinsa. Kalilu kuwa ya gyara murya.

"Baba, duk da haka dai an ga gudu da ido. Maganar magabatan nawa fa?"

Malam Hodi ya sa hularsa, ya daidaita ta. "Ɗiyata ba ta zuwa gidan mutumin da sai na toshe mai inji kahin shi tsaya. Amma aika musu su zo yanzu-yanzu, su taho da baro. Wani dai ya kamata shi kwashe ka daga ƙohwar gidana kahin magariba."